Neman kalma: "bariyabul", "samful" da "randam" a darasin ƙididdigar kasuwanci

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara darasin farko na ƙididdigar kasuwanci, ranar Alhamis za a naɗe shi don rediyo. Babu tebur, babu allo, sai abin da kunne ya kama. Kalmomi uku sun tsaya min a wuya: bariyabul, samful da randam. Ta farkon na sa "abu mai canzawa", amma tana dawowa kusan kowane layi. A taimaka.

Malamin Ƙididdiga: Wa alaikumus salam Malama. "Mai canzawa" zai sa mai sauraro ya zaci abin da ke sauyawa daga yau zuwa gobe ake nufi. Ba lallai ba. Shekarar haihuwar abokin ciniki ba ta motsi har abada, amma bariyabul ce, domin ta wannan daban da ta wancan. Siffa ce da ake tambaya a kan kowane mutum ko kowane kaya, amsar kuma ta bambanta. Ni "abin aunawa" nake cewa.

Akawu: Malam, ba duka ake aunawa ba ai. Hanyar biyan kuɗi, tsaba ko kati ko tiransifa, rarrabewa ake yi. Gamsuwar mai saye, kaɗan ko matsakaici ko sosai, jerawa ake yi, ba wanda ya san tazarar da ke tsakani. Yawan kayan da aka dawo da su ƙirgawa ake yi, 3 ko 4, babu 3 da rabi. Nauyi da lokaci su ne ake aunawa. A nan masu koyo ke faɗawa rami: an ba rassa uku lamba 1, 2, 3, wani ya ɗauki matsakaici ya ce 2. Biyu me? Lambar suna ce kawai. In kin ce "abin aunawa" kin ba shi lasisin yin haka.

Tsohon Edita: Kalma ɗaya ta ishe ku: sauyau. Yadda masana nahawu suka ba mu aikatau da bayanau, kowa ya karɓa. Gaɓa biyu, mai karanta labarai ba zai yi tuntuɓe ba. Sauyau na rukuni, sauyau na adadi, an gama.

Ɗalibar Nahawu: Baba, ginin ya yi kyau, amma tushen ne Malam ya riga ya soke. In za a bi wannan ƙirar, bambantau ya fi kusa da ma'ana.

Tsohon Edita: 'Yata, bambantau dutse ne a baki. Larabawa mutagayyir suka ce, daga canji, kuma ba su ɓata ba. Kalma kan koyi aikinta in an daɗe ana mora ta. Kuma tun kafin a kai can, ina roƙo kada a sa mana samfur a madadin samful. Turanci ne aka sa wa hula.

Akawu: To lissafi da adadi fa, Baba? Su ma baƙi ne, sun dai riga zuwa. In Larabci ya shigo sai a shimfiɗa masa tabarma, in Turanci ne a ce hula aka sa masa.

Tsohon Edita: Ba wannan ba ne. Samfur ya riga ya kama wata ma'ana. "Jirgi samfurin Boeing", "sabon samfurin waya", wato iri. Ka ce "samfurin masu saye 250", mai sauraro ya ji irin masu saye har 250. Muna da tsakure. 'Yan jami'a ne ke ganin in kalma ba ta yi ƙamshin Turanci ba ilimi bai cika ba.

Malamin Ƙididdiga: Ranka ya daɗe, ba 'yan jami'a suka kai "samfurin jini" asibiti ba, kuma kowa na gane cewa ɗan abin da aka ɗiba ne don a san halin sauran. Tsakure kuwa hannu ke zaɓarsa, inda ya fi daɗi a rubutu nan ake tsakurowa. Abin da darasin ke hanawa ke nan.

Ɗalibar Nahawu: Kuma kalmomin rediyo nawa ne suka bi jama'a har gida ba tare da sun ratsa jami'a ba? Kowa da ranarsa. Malama na da Alhamis a gabanta.

Mai Fassara: Allah ya saka. Randam fa? Na rubuta "kara zube".

Malamin Ƙididdiga: Goge shi yanzu, wannan ya fi sauran haɗari. Kara zube shi ne a tsaya bakin ƙofa a tambayi duk wanda ya gitta. Wanda ke zuwa da safe ya shiga, mai zuwa da dare bai shiga ba, wanda ya yi fushi ya daina zuwa ba a ma san da shi ba. Randam tsari ne mai tsauri: a samu cikakken jerin sunaye, a ba kowa lamba, a bar ƙuri'a ko kwamfuta ta fitar, kowa da dama daidai da ta kowa. Ki ce "ɗiba ta ƙuri'a". Akwai kuma ta tsallake: sunaye 5,000, ana son 250, a raba, ya ba da 20. A fitar da lamba ɗaya tsakanin 1 da 20 ta ƙuri'a, a ce 7, sai a ɗauki na 7, na 27, na 47, har ƙarshe. Tana lalacewa in jerin kansa yana da zagaye. In tsallaken ya zama 7 a jerin cinikin kwana-kwana, rana ɗaya ta mako za a riƙa ɗauka. In kuwa masu saye kashi-kashi ne, manyan dillalai kaɗan da ƙananan masu saye da yawa, a raba su aji-aji tukuna sannan a yi ƙuri'a cikin kowane aji, in ba haka ba dillalan na iya ɓacewa gaba ɗaya.

Akawu: Ƙuri'a a rediyo, za a ji zaɓe.

Malamin Ƙididdiga: Kaɗa ƙuri'a daban, fitar da ƙuri'a daban. Ta bayyana sau ɗaya a farko. Tunda ka kawo zaɓe, ga misalin da za ta iya sawa: a 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce ɗan takara Landon zai kayar da shugaba Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota aka kwaso, sannan masu ra'ayin amsawa ne kawai suka amsa. Yawa ba ya gyara jerin da ya karkace. Ko a ɗiba mai kyau, mutum 1,000 na ba da kuskuren kusan kashi 3 cikin 100 sama ko ƙasa, kuma sai an ninka su sau 4 kafin kuskuren ya ragu da rabi.

Akawu: Ƙari ɗaya, Malama. Kowace kalma kika zaɓa, darasin ya ce a rubuta ma'anar kowace siffa kafin a fita tattara bayanai. "Cinikin wata": da haraji ko babu? An cire kayan da aka dawo da su? Ranar oda ko ranar biya? Rassa biyu su cika fom ɗaya da fahimta biyu, alƙaluman ba za su haɗu ba.

Mai Fassara: Ga inda na tsaya. Samful: samfur, amma karon farko zan ce "samfur, wato 'yan kaɗan da aka ɗiba su wakilci ɗaukacin". Randam: ta ƙuri'a. Bariyabul: "siffa mai bambanta" a farko, daga nan siffa kawai, ta rukuni ko ta adadi.

Ɗalibar Nahawu: Siffa tana da aikinta a nahawu fa, ɗalibai za su tuna da ita.

Tsohon Edita: Kun ji ko. Ƙuri'a na yarda, ta yi. Samfur na bar ku da shi tunda asibiti ta riga mu. Amma siffa aro ce ta kwana biyu, ku rubuta ku ajiye. Malama, ko sau ɗaya ki ce "ko kuma sauyau" a ji yadda zai sauka a kunne.

Mai Fassara: Sau ɗaya, Baba, in mintunan sun isa.