Amarya ta ce in haska ta, yanzu dangin ango sun riƙe min kuɗi

Ɗan Gwallameji: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni ɗalibi ne a Poli nan Bauchi, ina ɗan taɓa ɗaukar hoto da wata tsohuwar kyamara Canon, da ita nake samun na abinci da fotokofi. An kira ni kamu a Yelwa, amarya baƙa ce kyakkyawa wallahi amma tun kafin in fara ta ja ni gefe ta ce ita dai in haska ta sosai, na shiga Lightroom, manhajar gyaran hoto, na ƙara haske na goge ƙuraje har ɗan tabon goshinta, ta gani ta ce ya yi. Yanzu uwar ango ta ce wannan ba surukarta ba ce, sun hana ni cikon kuɗina. In sake gyarawa kyauta ko in tsaya kan bakana?

Mai studiyo a Wunti: Ƙanena sake gyarawa kawai, dangi ɗaya na iya kawo maka biki biyar. In a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto yadda kyamara ta ɗauke shi, ai ba wahala, ka koma asalin hoton. Ƙurji yau yana nan gobe babu, goge shi ba laifi, amma tabo da launin fata ba a taɓa su, da su ake gane mutum. Kuma baƙar fata haske take so tun wajen ɗauka, ka bari sai bayan la'asar ko ka tsayar da ita bakin taga wani ya riƙe maka farin kwali ta ɗaya gefen, za ka ga tana sheƙi ba sai ka wahalar da kwamfuta ba.

Anti mai kwalliya: Kai ɗana mu ma haka muke fama, amarya ta ce a sa mata hoda mai haske fuska fara wuya baƙi, sannan a zage mu. Ka duba hannunta ma, in ka haska fata lallen sai ya koɗe kamar na sati biyu, nan tsofaffi ke fara ganewa.

Na Gombe: Wa ya ba ka aikin, amarya ko gidan ango? Wanda zai biya shi ake nuna wa samfur ɗaya ta WhatsApp ya amince kafin ka zauna kan sauran. Kuma rabin kuɗi kafin alƙalami malam.

Ɗan Gwallameji: Yayan ango ne ya kira ni. RAW ɗin suna nan a kati, bari a kawo wuta in yi kala biyu, nata daban na gidan ango daban.

Mai studiyo a Wunti: To kar dai ka haɗa su a album ɗaya.