Kaset ɗin Shantae na Game Boy Color: in sayar ko in riƙe?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan abin na hana ni barci. Yayana ne ya bar min jakar kayan gem ɗinsa da zai yi tafiya. Tun muna yara ba ya bari in taɓa, sai dai in zauna a bayansa ina leƙe ta kafaɗarsa, wuyana har ya ƙage. A cikin jakar na tarar da kaset ɗin wasan Shantae na Game Boy Color, na'urar gem ta hannu ta Nintendo, wanda kamfanin WayForward suka yi, kamfanin Capcom ya fitar a 2002. Babu kwali, babu littafi. Yana tashi lafiya, amma da na kashe sai duk inda na kai ya goge. Yanzu wani ya matsa min in sayar masa, kullum sai ya kira. Ni kuma ina son wasan. Yaya zan yi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sayar wa mai gaggawa, ya san abin da ba ka sani ba. Wasan ya fito bayan Game Boy Advance, na'urar da ta gaji Game Boy Color, ta shigo kasuwa a 2001, hankalin mutane ya koma can, aka yi kaset kaɗan, kuma a nahiyar Amurka ta Arewa kaɗai. Shi ya sa na asali ke kai ɗaruruwan daloli ko babu kwali. Amma jabu ya yi yawa. Kwance ƙusar bayan, ka duba allon ciki: na gaske yana da sunan Nintendo, jabu sau da yawa za ka ga ɗigon baƙin danƙo a kai. Gogewar nan kuwa batirin ciki ne ya mutu.

Maman Biyu: Ni dai na ce ka sayar. Na ajiye kaset goma sha, danshi ya cinye takardun jikinsu, ƙanina kuma ya ba abokansa aro, ko ɗaya bai dawo ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai Tambaya: Takardar jikin nawa ma ta ɗan koɗe, don na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Datti ne ya yi yawa, ba yadda zan yi in bar shi haka.

Tsohon Hannu: Inna lillahi! Takardar nan rabin darajar ce. Kada ka ƙara taɓa komai.

Ɗan Ƙwaƙwa: Malam, yanzu ka ce ya kwance, yanzu ka ce kada ya taɓa. Kuma a gaskiya tsadar ta fi daɗin wasan. Zanen na da kyau matuƙa, bulalar gashin Shantae, jarumar wasan, da rikiɗarta zuwa biri ko giwa duk sun burge ni. Amma jikinta ya cika allo, kana tsalle ba ka ganin inda za ka sauka, ga babu taswira. Ya fito a wasu na'urorin Nintendo: 3DS a 2013, sannan Switch. Mai son bugawa ya buga can.

Tsohon Hannu: Bugawa daban, mallaka daban. Sa na asali a Game Boy Advance ka ga launi ya ƙara haske, har da rikiɗa zuwa Tinkerbat, ɗan fashin teku na cikin wasan, da ake samu a nan. Ko sabon kaset ɗin da kamfanin Limited Run Games ya sake fitarwa bai kashe kasuwar na 2002 ba. A canja batir wurin wanda ya iya dalma, shi ke nan.

Maman Biyu: Tsaya, yayan naka ba ka ya yi, ko ajiya ya ba ka?

Mai Tambaya: Cewa ya yi in kula da su. Ai da yana so da ya tafi da su. Kuma ni ba zan ba kowa ya buɗe min ba, ina tsoron a musanya allon. Mutumin ya sake kira yanzu, ban ɗauka ba.