Wai da gaske akwai gwajin klamidiya da mace za ta yi da kanta a gida?

Maman Iman:
Assalamu alaikum matan gida, dan Allah wadda ta sani ta taimaka min. Tun da na yaye yarona shiru ba labarin ciki, ga ciwon mara yana zuwa yana tafiya, wani lokacin ma sai in ga ɗan jini bayan mun kwanta da maigida alhali ba lokacin al'adata ba ne. Na je lab an min HVS, gwajin nan da ake ɗiban ruwan gaban mace da tsinken auduga, aka ce ƙwayar cutar staf ce, na sha magani har na gaji ba abin da ya canza. Ƙanwata da take aure a Ingila ce ta ce min akwai wata cuta wai klamidiya da take zama a jikin mace ba ta sani ba, kuma su can a gida mace take gwada kanta. Na leƙa intanet na ga ana tallar wani ɗan tsinke irin na gwajin ciki wai minti 15 ya nuna miki, shi ne nake so in ji ko abin dogaro ne kafin in zuba kuɗina. Ni fa wlh hawa gadon nan a leƙa ni shi ne abin da na fi tsana, balle a ce namiji ne a bakin aiki.

Ummu Sultan:
Wa alaikissalam. Ƙanwarki ta yi gaskiya amma ina ga ba ta miki bayanin duka ba. Ni a Manchesta nake kuma na yi. A intanet ake cike fom, NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar, ce ke biya, sai a jefo miki ɗan kwali ta ramin ƙofa ba wani rubutu a jikinsa da zai tona miki asiri. A ciki akwai tsinke mai auduga a kai irin na goge kunne amma ya fi shi tsawo, da 'yar kwalbar roba, da ambulan ɗin mayarwa. Ki wanke hannu, ki sa tsinken a gabanki kamar santimita 5, ki juya shi yana gogar bangon ciki na daƙiƙa 10 zuwa 30, ki zaro ba tare da ya taɓa fatar waje ba ki sa a kwalbar ki karya sandan a inda aka yi masa alama ki rufe, shi ke nan fa, ba zafi ba komai. Ki kai akwatin gidan waya, cikin sati saƙo zai shigo wayarki.

To kin ga ɗiban ne kawai a gida, ainihin gwajin a lab ake yi da inji. Wanda yake ba da sakamako a gida na ƙwarai a Amurka na san hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da ɗaya a 2025, na kamfanin Visby, kusan minti 30 yake ɗauka kuma yana duba klamidiya da gonoriya da tirikomonas, dukkansu cututtukan da ake ɗauka ta kwanciya, amma shi ɗan inji ne sukutum ba tsinke ba, ga tsada.

Anti Lab:
Maman Iman aikina ke nan, bari in faɗa miki abin da ba kowa zai faɗa miki a kanta ba. HVS ɗin da ake rubuta wa mata kullum ba ya kama klamidiya. Muna shafa abin da aka ɗebo a faranti ne mu jira ƙwayoyin cuta su tsiro, ita kuma wannan ƙwayar ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, saboda haka ko tana nan ba za ta tsiro a farantin ba. Abin da zai tsiro shi ne staf ɗin da dama yana zaune a fatar mutane lafiya lau, sai a rubuta miki shi ki tafi ki yi ta shan antibayotik a banza. Wlh abin nan yana ci min rai.

Tsinken minti 15 ɗin nan kuma matsalarsa ba ya gani sai ƙwayar ta yi yawa, mata da yawa masu ɗauke da cutar zai nuna musu layi ɗaya su kwanta da hankali kwance, kuma galibinsu an ƙera su ne don abin da aka ɗebo daga bakin mahaifa wanda ke da kanki ba za ki iya ɗebowa daidai ba. Akwai kuma masu ɗiban jini su ce miki sun yi gwajin klamidiya, wannan yana nuna ko jikinki ya taɓa haɗuwa da ita ne a baya, ba ya raba tsohuwa da wadda take nan yanzu.

Abin da za ki nema sunansa PCR, wasu su rubuta NAAT, gwaji ne da inji yake gano alamar ƙwayar kanta ko da 'yar kaɗan ce. Manyan lab masu zaman kansu a Abuja da Legas suna yi, a sauran garuruwa ki tambaya ko suna karɓa su aika. Ya fi HVS tsada sosai, ki ji farashi tukuna. Kuma ki ce musu ke za ki ɗiba da kanki, su ba ki tsinken ki shiga bayi, ba wani abin kunya ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ba da shawarar a riƙa ba mutane wannan zaɓin don sakamakon kusan ɗaya ne da na hannun ma'aikaci. In fitsari suka ce, farkon fitsarin ake tara ba na tsakiya ba kuma ki yi aƙalla awa ɗaya ba ki yi fitsari ba, amma ga mace tsinken ya ɗan fi.

Hajjaju:
Ni dai a ganina sanyi ne kawai irin na bayan gida, kowace mace tana fama. Ki dafa kanumfari da tafarnuwa da citta ki riƙa sha, ki yi sit baz da bagaruwa, in sha Allahu sai labari. Duk wannan gwaje-gwajen cin kuɗi ne.

Sista Rabi:
Hajjaju Allah ya bar zumunci amma a nan kam ban bi ki ba. Klamidiya ba a masai ake ɗaukarta ba, ta kwanciyar aure take bi, kuma jariri yana iya ɗauka wajen haihuwa ta kama masa ido ko huhu. Mata kusan 7 cikin 10 ba sa jin komai, babu ƙaiƙayi babu wari, tana can tana hawa sama a hankali har ta kai bututun ƙwai ta bar tabo, daga nan ne ake samun toshewa ko cikin da ya zauna a bututu wanda in ya fashe sai tiyata cikin gaggawa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum kusan miliyan 129 ne suka kamu a 2020 kaɗai. Kanumfari ba ya kashe ta.

Maganin kuwa ba wuya, dokzisaikilin 100mg safe da yamma kwana 7, mai ciki kuma ba ta shan wannan sai a ba ta azitiromaisin giram 1 lokaci ɗaya. Likita ne zai rubuta ba mai kemis ba. Kuma Maman Iman tunda ke akwai ciwon mara ga jini bayan kwanciya, gwajin gida ba zai wadatar da ke ba ko da kina Ingila, dole a duba bakin mahaifar da ido don ba klamidiya kaɗai ke kawo wannan jinin ba, in kuma ta riga ta hau sama maganin ya fi na kwana 7 ɗin nan yawa. Ki nemi likita mace, haƙƙinki ne, asibitoci da yawa in kin faɗa a wajen kati za su haɗa ki da ita ko da za ki ɗan jira.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Amma Sista in ya nuna akwai fa? Mu biyu ne a wajen maigida, ta ina zan fara wannan magana ba a ce na zargi wani ko a juyo da zargin kaina ba?

Sista Rabi:
Wannan shi ne wajen da ya fi wuya, a asibiti ma a nan muke shan fama. In an samu to ku ukun za ku sha magani a sati ɗaya, ke da shi da abokiyar zamanki, kuma a ɗage kwana har kwana 7 ɗin su cika kowa ya gama nasa, in ba haka ba ranar girkinta ya kai mata ranar naki ya dawo miki da ita. Gwajin ba ya nuna wa ya fara ko yaushe aka ɗauka, tana iya yin shekara ko fiye a jikin mutum shiru, har daga auren baya na wani a cikinku, saboda haka kar ki buɗe maganar da neman mai laifi. Ki ce masa likita na son ganinsa kan maganar haihuwa, mu za mu yi masa bayani, maza sun fi sauraro in daga bakin likita ne. Kar ki yi saurin sake gwaji da gama magani, kafin sati 3 zuwa 4 injin yana iya ganin gawar ƙwayar ya ce tana nan. Bayan wata 3 ake so ki maimaita.

Anti Lab:
Na manta, ranar da za ki je kar ki yi matsi ko tsarki da wani haɗi tun daren jiya, kuma in kina kan wani antibayotik yanzu ki faɗa musu sunansa kafin a ɗiba.