Ƙanina na fama da ciwon babban yatsan ƙafa, targaɗe ne ko me?

Yayan Ɗan Bal:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina shekararsa 15, mayen bal ne, tunda aka ce musu za a yi gwajin ɗaukar 'yan wasa ya maida tirenin ɗinsa sau biyu a rana, da asuba gudu a Murtala Square, da yamma bal a filin unguwarmu nan Tudun Wada, kun dai san fili da rani, ƙasa kamar siminti. Yau sati uku kenan yana kuka da ƙasan babban yatsansa na dama, daidai tudun nan da ake takawa. Bai faɗi ba, ba wanda ya taka shi. In ya huta ciwon ya lafa, yana fara gudu ya dawo, yanzu ma da gefen ƙafa yake tafiya. Mun yi hoto an ce ƙashi lafiya lau. Hajiyarmu ta ce a kai shi wurin mai ɗori, shi kuma ashe maganin kashe ciwo diclofenac yake saya a kemis ya sha a ɓoye ya tafi fili. Saura sati biyu gwajin.

Na Kawo:
Targaɗe ne kawai malam, a ja masa yatsan a shafa man zafi, kwana uku ya miƙe. Mu da muka yi bal ba takalmi ma ga mu nan.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Na Kawo dan Allah kar a ja yatsan nan. Targaɗe lokaci ɗaya yake faruwa, yaro zai iya ce maka ga ranar ga wasan. Wanda ya shigo a hankali bayan an ƙara tirenin, kuma wuri ɗaya tak yake nunawa da yatsa, wannan ƙashi ne ya gaji. A ƙarƙashin gaɓar babban yatsa akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda biyu, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, likitoci na ce musu sesamoid, a cikin jijiya suke zaune, duk sanda mutum ya ɗaga dunduniya zai zabura nauyinsa a kansu yake sauka. In dukan ya yi yawa ba hutu sai wurin ya kumbura, ko ƙashin ya yi 'yar tsaga siririya kamar gashi. Irin wannan tsagar sau da yawa hoton farko baya nuna ta sai bayan sati biyu ko uku, hoton MRI, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura a ɗauka, shi ne ke kama ta da wuri. Wasu kuma dama a rabe biyu aka haife su da ƙashin, shi yasa likita kan ce a ɗauki ɗaya ƙafar a kwatanta. Ku je ɓangaren ƙashi a asibitin Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44 nan Kaduna. In tsagar ce, sati 6 zuwa 8 ba gudu, wani ma ya fi haka don jini baya isa wurin sosai. Maganin nan da yake sha a ɓoye kuwa ku ƙwace shi, rufe ciwon kawai yake yi yaro ya ci gaba da dukan wurin.

Tsohon Gola:
Ku duba takalminsa ma. Yaranmu gwanjo suke saya wanda ya matse su, mai dogayen ƙusoshi na filin ciyawa, su hau busasshiyar ƙasa da shi, ƙusa ɗaya kuma daidai ƙasan yatsan take. Ni haka na yi ta dannewa saboda kar koci ya ajiye ni a benci, kakar wasa guda na rasa. Kafin ya warke ya riƙa sa ƙanƙara a tsumma minti 15, ya sa takalmi mai tauri wanda baya lanƙwasuwa, ba silifas ba.

Yayan Ɗan Bal:
Nagode ƙwarai Anti, Allah ya saka da alheri. Gola wallahi kamar ka gani, takalmin nawa ne na da, ya masa kaɗan. Na ƙwace maganin, Litinin insha Allahu za mu asibiti. Tun jiya dai baya min magana saboda na ce gwajin bana ya haƙura, Hajiya ce ma take ta lallashinsa.