Bikin kawa a bakin teku: maigidana zai buɗe giya mai kumfa, ni me zan riƙe?

Ɗan Damagaram a Bordo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda abin ya taɓa faɗo musu nake nema. Wata biyar ke nan ina aikin gwaji a wani ƙaramin kamfani a nan Bordo ta Faransa, kuma ƙarshen Disamba za su yanke ko za su riƙe ni. Jiya maigidan ya ce farkon watan dukkanmu, mu tara, za mu Andernos, bakin ruwan Arkashon, wurin bikin kawa (wata halittar teku ce mai ɓawo) da suke kira Cabanes en Fête. Masu kiwon kawa ke buɗe rumfunansu, ana bi ana ci ana kurɓar farar giya. Shi kuma ya ce zai zo da crémant, wato giyar inabi mai kumfa ta nan yankin, wai kawa ba ta da abokiyar tafiya sai ita.

Sun san ba na sha, ba wanda zai matsa mini. Damuwata uku ce. Me zan riƙe a hannu da zai tafi da kawar, kada in tsaya kamar an dasa ni? Ban taɓa cin ta ɗanya ba, tana ciyuwa? Sannan nawa zan tanada, tunda kowa zai biya abin da ya ci?

Baban Walid (Kano):
Kawa ko ƙawa? Don in ƙawa ce, ka fara gaya wa Hajiyarku kafin ka zo nan.

Na Tudun Wada:
Ƙanena kada ka sha giya. Ko da za su ba ka kamfanin gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram a Bordo:
Yaya ai na rubuta a sama cewa ba na sha. Abin da zan sha a madadinta nake tambaya.

Mai Buɗe Kawa (Paris):
Wa alaikumus salam. Shekara shida na yi ina buɗe kawa a ƙofar wani gidan abinci, har yanzu tabon wuƙa na nan a tafin hannuna, don haka bari in gaya maka abin da na sani.

Dalilin da ya sa suke haɗa ta da giya mai kumfa ba wani sirri ba ne. Kawa gishiri ce da santsi da ƙarnin teku. Suna son abu mai sanyi, mai tsami, marar zaƙi, da zai wanke baki kafin a ɗauki ta gaba. To ruwa mai gas, mai sanyi sosai, ka matse lemon tsami a ciki, aikin da zai yi ke nan. Ka zuba a irin kofin da suke riƙe da shi, bayan minti biyar ba mai tuna abin da ke ciki. Kada ka kai Champomy. Ba barasa a ciki, ruwan tuffa ne, amma zaƙinsa da gishirin kawa ba sa shiri, kuma a Faransa abin shan yara ne ranar biki, za su yi ta tsokanar ka har Janairu.

Inda tarkon yake ba a kofi ba ne. A yankin Bordo al'adarsu ce su kawo kawa tare da crépinette, ɗan curin nama ne mai zafi, kuma na alade ne. Haka gasasshiyar kawa, da yawa da farar giya ko shamfen ake haɗa romon da ke kanta, sai ka tambaya. Kwalba kuma ka karanta da kyau: wadda aka rubuta wa jus de raisin pétillant ruwan inabi ne zalla, amma pétillant de raisin akwai barasa 'yar kaɗan a ciki. Wannan ya taɓa kayar da ni.

Ka nemi lamba 3 ko 4. Lambobin daga 0 zuwa 5 suke, kuma a juye: ƙaramar lamba ita ce babbar kawa. Lamba 3 tana tsakanin giram 66 da 85 har da ɓawo. Sabon shiga ya ɗauki lamba 1, wallahi maƙogwaronsa zai yi masa gardama a gaban mutane.

Hajiya Uwani (Maraɗi):
Tsaya ɗana. Da ranta ake ci?

Mai Buɗe Kawa (Paris):
Da ranta Hajiya. In ka ɗiga lemon tsami a gefenta ka ga ta ɗan tsuke, lafiyarta lau. Wadda ba ta motsa ba, ko ɓawonta ya buɗe da kansa ya ƙi rufewa, ita ce ake jefarwa.

Hajiya Uwani (Maraɗi):
Innalillahi. Mu da muke soya fara sai da suka ce mana ƙauyawa.

Maman Hanan (Tuluz):
Ɗan'uwa, ni ba zan ce maka komai ba sai abin da ya same ni, kai ka yi hukunci. Disambar 2023, ina cikin hali irin naka sak, kwantiragi na wata shida, ana gab da sabuntawa. Aka yi walimar ƙarshen shekara a ofis, shugabar sashenmu ta zo da kwandon kawar Arkashon, ta tsaya a kaina tana cewa in gwada ɗaya kawai. Na ci shida, don kunya da kwaɗayin a ce na saje. Ban sha komai ba sai ruwa.

Washegari da dare abin ya fara. Amai da gudawa, har na kasa tsayuwa in yi salla. Kwana biyu sai Hanan ta kama, tana da shekara uku lokacin, muka kwana a ɗakin gaggawa a kan kujera ana ƙara mata ruwa. A makon nan ne za mu tashi zuwa gida bikin ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Tikiti biyu da na tara wata takwas ina biya, irin wanda ba a mayar da kuɗi. A waya na kalli kamun amarya, ina kwance da bokiti a gefena.

Sai ga shi gab da sabuwar shekara hukuma ta hana sayar da kawar Arkashon gaba ɗaya. Norobairos ne, ƙwayar cuta mai sa amai da gudawa. Ruwan sama ya yi yawa, magudanan ƙazanta suka cika suka tumbatsa cikin ruwan da ake kiwon. Wato abin da na haɗiya ke nan don in burge mutum. Da na koma aiki, matar nan dariya ta yi ta ce ita ma ta ɗan yi ciwon ciki. Kwantiragin kuma? Ba su sabunta ba. Suka ce kasafin kuɗi.

Na Tudun Wada:
Allah sarki. Allah ya saka miki Maman Hanan.

Hajiya Uwani (Maraɗi):
Allah ya raya Hanan. Kamfanin jirgin ko rabi ba su mayar ba?

Maman Hanan (Tuluz):
Harajin filin jirgi kawai Hajiya, bayan wasiƙa huɗu. Takardar likita ma cewa suka yi sai in ina da inshora.

Baban Walid (Kano):
Shi ya sa ni ko Legas zan je sai na sayi mai inshora. Ke ma da kin bi ta wakilin tafiye-tafiye da ba haka ba.

Maman Hanan (Tuluz):
Ta wakilin na bi, Baban Walid. Shi ya fara kashe waya.

Mai Buɗe Kawa (Paris):
Abin da ya same ki ba daɗi, kuma gaskiya ne an rufe a shekarar. Amma an buɗe a Janairu bayan gwaji, kuma mutane na ci kullum. Ni na buɗe dubbai da hannuna.

Maman Hanan (Tuluz):
Ka buɗe, wasu suka ci, suka tafi gidajensu. Kana bin su banɗaki ne ka ga yadda suka ƙare?

Anti Nas (Galway):
Ku bar ni in sa baki, don aikina ne. Mu ma nan Ayaland muna da bikin kawa duk ƙarshen Satumba, tun 1954 ake yi, sai dai su baƙar giya suke korawa da ita, ba mai kumfar Faransa ba. Kowa da abin da ya ce shi ne mijin kawa. Abin da nake so ka riƙe: lemon tsami ba ya kashe ƙwayar cuta, yaji ba ya kashewa, giyar da suke taƙama da ita ma ba ta kashewa. Wuta ce kawai, kuma sai ta dahu sosai. Kawa tace ruwa take yi ta ci, duk abin da ke cikin ruwan yana taruwa a jikinta, kuma mai cutar ba ta wari, ba ta canza kama. Gwajin motsin nan yana nuna tana da rai ne kurum.

Mai ciwon hanta, mai ciwon suga, mai juna biyu, su bar ɗanya kwata-kwata. Ka taɓa gwajin ciwon hanta nau'in B? Mu mutanen Afirka ta Yamma da yawa muna ɗauke da shi ba mu sani ba. In ba ka taɓa ba, je ka yi, ko da ba don kawa ba.

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Bismillah. Game da ita kawar ba matsala a mazhabarmu ta Malikiyya. Suratul Ma'ida aya ta 96 ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma hadisin teku yana cikin Muwaɗɗa: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ba ta buƙatar yanka. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ka ga abokinka Baturke ko ɗan Pakistan ya ƙi ci. Amma duk kun tsallake babbar magana. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Tambayar ba me zai riƙe ba ce, tambayar ita ce zai je ko ba zai je ba.

Ɗan Agadas (Liyon):
Malam, da girmamawa, a Zariya wannan magana tana da sauƙi. Nan ko kantin ofis ka shiga da rana akwai mai kofin giya a gefenka. In mun bi haka sai mu ci abinci a cikin mota har mu yi ritaya. Ni na tambayi limaminmu na nan, ya ce in larurar aiki ce ka je, ka gaisa, kada ka zuba wa kowa, kada ka miƙa, ka tashi da wuri.

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Hadisi ba ya canzawa don an hau jirgi. Kuma yawon bakin teku ranar hutu ba kantin ofis ba ne.

Ɗan Agadas (Liyon):
Wanda bai taɓa jiran sabunta takardar zama ba, ba zai gane me kwantiragi yake nufi ba. Shi ke nan abin da zan ce.

Baban Walid (Kano):
To a ba wa waɗanda suka ga teku su yi magana, mu 'yan Tiga mu yi shiru.

Ɗan Damagaram a Bordo:
Na gode duka, Malam na ji kuma ina tunani a kai. Batun kuɗin fa? Ba wanda ya taɓa shi.

Ɗan Agadas (Liyon):
Na je Gujan-Mestras bara, garin masu kiwon kawa a bakin ruwan Arkashon, jirgin ƙasa daga Bordo bai kai awa ba. Dozin ɗaya Yuro 7 na saya a rumfar mai kiwo. Suka kuma kai ni in ga tudun yashin Pilat, wai mafi tsawo a Turai. Na ce musu wannan a Tenere yara ke wasa a kai.

Mai Buɗe Kawa (Paris):
Yuro 7 wannan a rufe ka ɗauka ka tafi gida. Mu guda shida muke sayarwa 18.

Maman Hanan (Tuluz):
Ni 13 na gani dozin in za ka zauna a buɗe maka, da burodi da man shanu. Ka ƙara kuɗin magani a kai.

Hajiya Uwani (Maraɗi):
Yuro 18 kusan jika goma sha biyu na sefa ke nan fa. A kan abu shida masu kama da majina. Da kuɗin nan zabi nawa zan saya a kasuwar Maraɗi?

Ɗan Zango (Nima, Akara):
Ku zo Gana ku ci lafiya. Matan Tsokomey suna tsinto ta a bakin kogin Densu, a tafasa, a soya da yaji. Ba mai cin ta da rai, ba mai neman kwalba.

Ɗan Agadas (Liyon):
Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Su ci abu ɗanye da ransa, lafiya lau, al'ada ce. Ni na zo da kilishi kilo biyu da tsohuwata ta sa aka yi mini, busasshe ƙarau, aka zare shi daga jakata a filin jirgi aka jefa a kwandon shara ina kallo.

Anti Nas (Galway):
Doka ce ta Tarayyar Turai, nama da madara ba sa shiga a jakar matafiyi daga waje. Kifi ne aka yarda, har kilo 20. Ni banda nake kawowa.

Na Tudun Wada:
Ba gaskiya ba ne Anti, ni bandar ma sun karɓe mini, da daddawa.

Anti Nas (Galway):
Daddawar ce ta tona maka asiri. An cire wa kifin kayan ciki?

Hajiya Uwani (Maraɗi):
Cukun da na aika wa jikata ma bai isa ba. Yaron da na ba wa ya ce an ƙwace. Har yau ban yarda ba, don na ga ya yi ƙiba.

Ɗan Damagaram a Bordo:
Jama'a maigidan yana son amsa ranar Litinin don ya san mota nawa za a ɗauka.

Ɗan Zango (Nima, Akara):
Dambun nama fa? Shi ma nama ake lissafa shi, ko in an zuba a gwangwanin madara yana wucewa?