Shirina yana haɗuwa a Linux, a Mac kuma ya ƙi

Sabon_shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a duba min. Ina rubuta ƙaramin shiri da C. Da Windows na fara koyo, sai kwamfutar ta tsufa na koma Linux, abokin aikina kuwa ba ya taɓa komai sai Mac, har cacar baki muka yi a kan haka, amma a bar wannan. Don shirin ya iya ɗan jira (`sleep`), na sa `#ifdef __unix__` (sharaɗin da ke duba ko tsarin Unix ne) na jawo fayil ɗin unistd.h, a `#else` kuma windows.h. A wajena lafiya lau. Shi kuma ya ce kompaila, wato manhajar da ke haɗa shirin, na kukan babu windows.h. Gobe za mu miƙa aikin, barci ya gagare ni.

Tsohon_hannu: Wa'alaikumus salam. Clang, kompailar Apple, ba ya ayyana `__unix__`, shi ya sa Mac ta faɗa cikin `#else` ɗinka. Juya tsarin: fara da `#if defined(_WIN32)`, sai `#elif defined(__APPLE__)`, sai `#elif defined(__linux__)`, ka rufe da `#error` don baƙon tsari ya tsaya da ihu tun da wuri. `_WIN32` ya haɗa da Windows mai bit 64, kada lambar ta ruɗe ka.

Yar_Cmake: Ni dai ban yarda da zuba ifdef ko'ina ba. Na gaji wani aiki da aka cusa su cikin juna, wanda ya rubuta ya tafi bai bar bayanin komai ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka ware fayil ga kowane tsari, CMake, manhajar tsara haɗa shiri, ya zaɓa.

Tsohon_hannu: Malama, gobe zai miƙa. Yaushe zai koyi CMake? Ƙanina, bi nawa. In kana shakka, abokinka ya buga `clang -dM -E - < /dev/null`, zai ga duk abin da aka ayyana masa.

Sabon_shiga: Na gode Yaya, amma ai macOS Unix ce, kowa ya sani. Tsarina daidai yake, wataƙila shi ne bai girka abu da kyau ba.

Mai_Android: Ku dai kun huta. Android ma tana ayyana `__linux__`, sai ka fara duba `__ANDROID__`. Haka iPhone ma tana ayyana `__APPLE__`. Ka koma C++ kawai, tun C++11 akwai `sleep_for` na jira, ka rabu da wannan wahalar.

Sabon_shiga: C aka ce mu yi. To na ƙara `__APPLE__` ɗin, ya haɗu, amma yanzu ya ce shirin ya sandare a `sleep(500)`.

Tsohon_hannu: `Sleep` na Windows da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake lissafi, `sleep` na unistd.h kuwa da cikakkiyar daƙiƙa. Ka sa shi jiran minti 8 da daƙiƙa 20. Yi amfani da `nanosleep`. Kuma a Linux ɗinka ma haka zai yi, ka taɓa kaiwa wannan layin?

Sabon_shiga: A wajena fa yana aiki. Bari in sake kiran abokin nawa.