Tarkace da hazon cikin wasa: kwalliya ce ko aiki?

Nasiru: Jama'a, raina a ɓace yake. Wani abokina ya tabbatar mini cewa duk katin hoto mai ƙarfi zai ɗauki fiziks ɗin kowane wasa, na kuwa sayar da tsohon GeForce ɗina, katin kamfanin Nvidia, na sayi katin wani kamfani. Da na buɗe wasan Borderlands 2 na ɗaga PhysX, wato fasahar Nvidia mai lissafa motsin tarkace da hazo, zuwa ƙololuwa, bam na tashi tarkace suka cika allo, sai wasan ya koma tafiyar hawainiya, domin aikin duk ya faɗa kan furosesa. A gaya mini katin da ya dace, ko da yake na fara zargin abin nan kwalliya ce kawai.

Malam Auwalu: Ƙanena, ka janye kalmar kwalliya. Wanda ya buga Batman: Arkham Asylum na 2009 da katin Nvidia ya ga yadda hazo ke darewa idan an ratsa shi, takardun da ke zube a ƙasa kuma suna tashi yayin faɗa. Lissafi ne ake yi nan take, ba zane ne aka liƙa ba.

Habibu: Malam, da girmanka, kwalliya ce. Ka kashe hazon da takardun, babu ƙofar da za ta ƙi buɗewa, babu abokin gaba da zai ƙi faɗuwa. Lissafin da wasa ya dogara da shi, wato inda akwati zai faɗi ko yadda mota za ta yi karo, a furosesa ake yin sa, ko da Havok, wani tsarin fiziks na daban, aka gina wasan ko da PhysX ɗin kansa. A wurin Nasiru ma kwalliyar ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Malam Auwalu: Mun san Radeon, katin kamfanin AMD, ne a kwamfutarka, Habibu, shi ya sa abin da katinka ba ya iyawa ya zama kwalliya.

Habibu: Ba ya iyawa, ko an hana shi? Kamfanin Ageia ne ya fitar da katin fiziks na musamman a 2006, Nvidia ta saye shi a 2008 ta ɗora fasahar a kan CUDA, hanyarta ta sa katin hoto yin lissafi, wadda katunanta kaɗai ke aiki da ita.

Malam Auwalu: Wanda ya sayi gona shi ke da amfaninta. Kuma ai sun saki lambobin PhysX ga kowa a 2018.

Maryam: Ku biyun kuna magana kamar muna 2010. Lokacin da jerin katunan Nvidia na RTX 50 ya fito a farkon 2025 bai zo da tallafin CUDA mai bit 32 ba, wanda tsofaffin wasannin nan suka dogara da shi, sai PhysX ɗinsu ya koma kan furosesa, har wasu suka riƙa soka tsohon GeForce a rami na biyu domin ya ɗauki PhysX shi kaɗai. Unreal Engine 5, injin da ake gina wasanni da shi, ma ya koma amfani da nasa tsarin fiziks, Chaos.

Malam Auwalu: Malama, kalmar "tsofaffi" ba ta dace ba. Mirror's Edge har gobe ana buga shi.

Maryam: Wasan da ya zo kwamfuta a 2009 jariri ne ke nan, Malam?

Nasiru: Don Allah, ni kati na tambaya.

Habibu: Ka mayar da PhysX ƙasa ka ci gaba da wasanka, sai dai in Malam zai ara maka nasa.

Kabiru, shugaban zaure: Bari in taƙaita kafin in rufe. An gamsu cewa PhysX ba kwalliya ba ce, kamar yadda Malam Auwalu ya kawo hujja daga wasannin da ni ma na buga da GeForce ɗina. Habibu ya yi tarihi, amma bai taɓa ganin hazon da idonsa ba. Batun Maryam kuma na wata rana ne. Nasiru, ka nemi wanda ka sayar wa tsohon katinka ka roƙe shi ya dawo maka da shi.